Monterrey: Birnin Masana'antu a Tsakanin Duwatsu



Birnin da muka zaɓa mu yi magana a kansa yau shi ne Monterrey, hedkwatar jihar Nuevo León a arewa maso gabashin ƙasar Meksiko. Yana kwance ne cikin kwari a gindin duwatsun Sierra Madre, wani tsauni mai siffar sirdi yana leƙensa daga gabas. In an haɗa da garuruwan da suka manne masa, jama'arsa ta haura miliyan 5.

Tun 1596 aka kafa shi, amma bai tashi ba sai da jirgin ƙasa ya haɗa shi da iyakar Amurka a 1882. Abin lura shi ne yadda masana'antunsa suka riƙa haifar juna. A 1890 aka buɗe kamfanin giya na Cuauhtémoc. Giya kuwa sai da kwalba, saboda haka a 1909 aka kafa masana'antar gilashi. A tsakani, wato a 1900, aka kafa Fundidora, babbar masana'antar narka ƙarfe. Duwatsun ma ba a ƙyale su ba, ana fasa su ana yin siminti. Da masu kuɗin garin suka ga suna bukatar injiniyoyi, sai suka gina jami'ar fasaha tasu a 1943.

To, amma kwarin nan yana da iyaka. Duwatsu suna tare hayaƙi, ya rasa mafita, ya zauna a kan mutane. Fundidora ta durƙushe a 1986, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Yau filinta wurin shaƙatawa ne.

Babbar matsalar kuwa ita ce ruwa. Kogin Santa Catarina da ya ratsa birnin yawancin shekara busasshe ne, sai guguwa ta zo, kamar a 1988 da 2010, ya cika ya yi ɓarna. A 2022 fari ya kusa ƙafar da madatsu biyu daga cikin ukun da birnin yake sha a lokacin. Hukuma ta taƙaita ruwan famfo zuwa awa 6 a rana, daga ƙarfe 4 na asuba, talakawa suna layi da bokiti, alhali manyan masana'antu suna ɗiba daga rijiyoyinsu bisa izinin gwamnati. A ganinmu, mu da muke sa ran zama ma'aikatan gwamnati, wannan izini ne ya kamata mu tsaya mu duba: wa ya sa hannu a kansa, kuma wace rijiya ya auna kafin ya sa?