Mazari da Maganin Kaska



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Amba, ko a gefen wani kududdufi da damina, lalle ya ga mazari. Iri biyu ne. Babban in ya sauka yakan bar fukafukansa a buɗe, ƙaramin kuwa siriri ne kamar tsinke, yakan haɗe nasa bisa bayansa. A kan wannan ƙaramin nake so in jawo hankalinku.

Rayuwarsa a ruwa take farawa. Macen takan saka ƙwai a jikin ciyawar ruwa, 'ya'yan su yi watanni a ƙarƙashin ruwa suna farautar ƙananan ƙwari, har da tsutsar sauro. Watau dai ma'aikacin lafiya ne wanda ba ya karɓar albashi. Su kansu 'ya'yan abincin kifi ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. A shekarar 1920 babu wanda zai zaci maganin ƙumar kare zai dami kogi, amma a 2020 masana na Jami'ar Sussex ta Ingila sun bayyana sakamakon binciken ruwan koguna 20 na ƙasarsu. Sun sami fifronil, maganin da ake ɗiga wa karnuka da kyanwoyi, a kusan kowane ruwan da aka auna. A nan gida ba karnuka ne suka fi yawa ba, shanu ne da tumaki da awaki, maganin kaska irin su saifametirin kuwa ɗan kaɗan ya isa ya hallaka kifi da ƙwarin ruwa. Abin da ke kashe kaska ba ya bambanta ta da ɗan mazari.

Saboda haka kada a yi wa dabba wankan magani a bakin ruwa, kada kuma a wanke bokiti ko tankin feshi a ciki. Ragowar ruwan a haƙa rami nesa da rijiya da rafi a zuba. Karen farautar da aka sa wa magani a hana shi shiga ruwa har kwanakin da takardar maganin ta faɗa su cika.

Kududdufin da kuka saba ganin mazari a kansa, in damina ta zo ba ku gan shi ba, ku sanar da malamin gona ko likitan dabbobi na yankinku.