Taswira da Neman Asali: Lacca ga Hausawan Makka

 

Da yawanmu a nan Makka sunanmu yana ƙarewa da Hausawi, ko Barnawi, ko Fallata. Sunan ya faɗi ƙabila amma bai faɗi gari ba. Yaro zai tambayi kakarsa daga ina aka zo, ta ce masa daga ƙasar Kano, shi ke nan magana ta ƙare. To, Kano ta wane zamani? Dutse da Ringim da Birnin Kudu duk ƙasar Kano ce a da, yau kuwa suna Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991. Wanda ya ce shi Bakatsine ne, mai yiwuwa Maraɗi yake nufi, a Nijar. Saboda haka taswirar da ke cikin wayarku ba ta isa ba. Sai an haɗa ta da taswirar zamanin da kakan ya taso.

Kada wani ya ɗauka zana taswira aikin Turawa ne kaɗai. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba wani Bature matafiyi, Clapperton, taswirar ƙasashenmu a Sakkwato.

Abin da nake roƙo mu kama da hannu biyu shi ne zango. Kakanninmu a ƙafa suka zo, wasu da jakuna, suna noma a hanya don samun guzuri, tafiyar takan ci shekaru. Tsohuwa za ta iya manta shekarar tasowarsu, amma da wuya ta manta inda aka haifi ƙaninta ko inda aka binne mahaifinta. Ku zauna gabanta da takarda, ku rubuta garuruwan a jere yadda ta faɗa, da lafazinta, kada ku gyara mata. Sannan ku shimfiɗa taswira ku bi da yatsa: Barno, Fort Lamy, Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, Sawakin, Jidda. Fort Lamy ba za ku gan ta a sabuwar taswira ba, domin tun 1973 ta koma Njamena. Idan ta ambaci Mai Wurno, a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, to ku binciki ko gidanku na cikin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa garin. Suna guda ya ba ku zamani da dalilin tasowa.

A yi hattara da sunaye masu maimaituwa. Tudun Wada da Sabon Gari suna da yawa, sai an tambayi kogi ko kasuwar da ke kusa.

Makka kanta tana sauya kama a idonmu. Unguwar Shamiyya ta shiga faɗaɗa Harami a 2008. Yaran da ke tasowa ba za su san lungunan da iyayensu suka girma a ciki ba. Wani Bature matafiyi, Burckhardt, ya zana unguwannin Makka bayan zuwansa a 1814, shi ya sa ake iya gane su har yau. Mu ma mu zana namu: Misfala, Jarwal, Hindawiyya, Shari'u Mansur, da gidan wane da zawiyar wane.

Duk mai tsoho a gida, don Allah ya zauna da shi cikin wannan mako.