Idan Hoto Ya Tsaya Ko Murya Ta Ɗauke



Iyayenmu sun kalli majigi a ƙofar fada. Yau majigin ya shiga aljihu. Da wayar hannu mutum zai kalli tafsirin azumi daga Kano, ko labarun BBC Hausa, a daidai lokacin da a ke yinsu. Shi a ke kira kallo kai tsaye. Amma ana cikin kallo sai hoto ya tsaya, ko murya ta ɗauke, mai waya ya ce ta lalace. Ya biya kuɗin mota har Dutsin-Ma wurin mai gyara, alhali kuwa lafiyarta lau.

To, kafin mu kashe kuɗi mu fara bincikawa da kanmu.

In hoto ya tsaya, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya, mu dubi saman waya. Akwai harafi ko lamba kusa da sandunan sabis. In mun ga 4G, madalla. 3G ma ya iya. Amma in harafin E ne, hanyar ta yi ƙunci, hoto ba zai wuce ba, kamar amalanke a 'yar turbar gona. Sai mu fita daga ɗaki, gama katangar ƙasa da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis. Mu taɓa alamar jirgin sama, mu ƙirga goma, mu sake taɓa ta. Wannan ya kan sa waya ta nemi ƙarfen sabis sabuwa.

Wani lokaci kuwa data ce ta ƙare. A buga *323#, tun shekarar 2023 lambar ɗaya ce ga dukan kamfanonin waya na Nijeriya. Ga wata dabara kuma. A YouTube ana iya rage kyan hoto. A zaɓi 240 maimakon 720. Hoton zai ɗan yi hazo, amma ba zai riƙa tsayawa ba, data kuma za ta daɗe. Mai sauraron tafsiri ina ruwansa da ƙirga gashin gemun malam?

Sai batun murya. A Facebook sau da yawa hoto ya kan fara a bebe, sai an taɓa alamar lasifika. Ku sani kuma, ƙarar kira dabam, ƙarar kallo dabam. A ƙara ta sa'ad da hoton ya ke tafiya. In har yanzu shiru, a kashe Bluetooth, watakila muryar tana can cikin lasifikar wani yaro. Da hunturu ƙura ta kan toshe ramin abin sawa a kunne. A hura shi a hankali, kada a zura allura.

In baki ya riga magana, ko magana ta riga baki, a rufe a sake buɗewa.

Akwai kuma abin da ba na wayarmu ba ne. Ba mu manta ba, a Satumba 2021 an rufe sabis a Safana da Batsari saboda 'yan bindiga. Don haka mu tambayi maƙwabci. In tasa ma ta tsaya, laifin daga sabis ne, ko daga masu aiko da hoton. Sai haƙuri.

Ran aji mai zuwa, mai waya ya zo da ita da caji. Za mu koyi karanta E da G tare.