Sauron Garki ba na Legas ba ne



Ko da madubin likita aka duba Anopheles gambiae da coluzzii da arabiensis, manyan sauro masu yaɗa maleriya a Najeriya, ba a iya rarrabe su. Sai an shiga cikin ƙwayoyin gadonsu ake gane cewa jinsi uku ne, kowanne da ɗabi'arsa.

Mu je Garki, wadda yau take jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi wani babban gwaji a can: aka yi feshin propoxur a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da rabon magani. Zazzaɓi ya ragu sosai, amma bai yanke ba. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya taimaka wajen gano dalili. Ya ga cewa a wasu sauro wani yanki na kuromosom ya juya, kansa ya koma wutsiya. Ɗaya daga cikin irin wannan juyi, 2La, ƙalilan ne ke ɗauke da shi a kurmin kudu; yawansa na ƙaruwa in ana nausawa arewa, har ya kusan game dukkan sauron Sahel, domin yana ba su juriyar bushewar iska. Abin lura, masu irin waɗannan juye-juye sun fi kwana cikin ɗaki, sauran kuwa sun fi hutawa a waje. Feshi ya kashe na ɗaki, na waje suka ci gaba da cizo.

Ruwa ma yana zaɓe. Gambiae ya fi son kududdufin damina mai saurin ƙafewa, coluzzii kuwa, wanda aka raɗa wa sunan masanin a 2013, ya fi jin daɗin ruwa mai daɗewa kamar na gonar shinkafa. Ashe duk inda muka gina dam muka buɗe noman rani, mun zaɓi sauron da za mu zauna da shi. Ban ce a daina noma ba. Injiniya dai ya riƙa tuntuɓar masanin ƙwari.

Bijire wa magani kuwa tsohon labari ne: tun 1955 maganin feshi na dieldrin ya daina kashe gambiae a yammacin Sakkwato. A Mali, wajen 2006, lokacin da rabon gidan sauro ya yawaita, ƙwayar juriya ta kdr ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii ta hanyar barbara. A can kuma aka kama sauro sama da mita 200 a sararin sama, iska na tafe da su, babu ruwanta da iyakar ƙasa.

Ga kuma baƙo daga Asiya, Anopheles stephensi, da aka gano a Gombe a 2020, mai hayayyafa cikin tankunan ruwan birni. Kafin kowace jiha ta yi odar gidan sauro ko maganin feshi, a fara kamo sauron ƙananan hukumominta a gwada, damina da rani, a ɗakunan binciken jami'o'inmu.