Wanda Kotu Ta Kira Shaida, Wa Zai Biya Masa Kuɗin Mota?

Jawabin sakataren ƙungiya a taron wata-wata na mazauna Azare

 

Abin da ya kawo maganar yau shi ne abin da ya sami wani ɗan ƙungiyar nan, tela, wanda ba za mu faɗi sunansa ba. An fasa shagon maƙwabcinsa, shi ya ga ɓarawon, aka rubuta shi cikin shaidu. Sau huɗu yana rufe shago yana tafiya kotu, sau uku ana ɗage shari'a ba a ko kira shi ba, ga ɗinkin sallah na mutane jibge. Da ya dawo na huɗun sai ya ce da mu, ko a gabansa aka yanka mutum, shi bai gani ba. To wannan kalma tasa ce ta tayar mana da hankali, domin gobe idan shagonsa aka fasa, shi ma shaida zai nema.

A Amurka da Ingila akwai tsarin da ake kira juri: ana zaɓo mutanen gari, yawanci goma sha biyu, su saurari shari'a su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Tun da an raba su da sana'arsu, doka ta yanka masu kuɗin zama. Kotunan tarayyar Amurka suna biyan dala 50 a rana tun 2018, kuma haramun ne maigida ya kori ma'aikaci don ya je wannan aiki. Jihohi kuwa kowace da nata. A 2023 majalisar jihar Tekzas ta ɗaga kuɗin ranar farko daga dala 6 zuwa 20, na sauran ranaku daga 40 zuwa 58, saboda mutane suna gudun kiran kotu. Ashe ba telanmu kaɗai ba ne.

Mu nan ba mu da juri, alƙali ne ke yanke hukunci. Inda talaka ke yi wa shari'a hidima da yininsa shi ne wajen ba da shaida, kuma dokar ƙasa ba ta manta da shi ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta yi magana a kansa daga sashe na 251 zuwa na 254. Shaidan gwamnati yana da haƙƙin a biya shi abin da ya kashe daidai gwargwado. Shaidan wanda ake tuhuma kuwa sai an roƙi kotu, in ta ga ya dace ta ba da umarni. Idan wani ɓangare ya nemi a ɗage shari'a alhali shaida ya zo, kotu tana iya ɗora masa kuɗin zuwan shaidan na wannan rana. Lissafin yana bi ta hannun magatakardan kotu. Wannan doka ta kotunan tarayya ce da na Abuja, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, har da Jihar Bauchi. Saboda haka duk wanda aka kira, ya tambayi mai gabatar da ƙara tun ranar farko yadda za a biya shi, ya kuma ajiye takardar sammacinsa da kyau.

Kada kuma wani ya ce zai ƙi zuwa. Dokar tarayyar ta ce wanda sammaci ya same shi ya ƙi halarta ba da uzuri ba, ana iya cinsa tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin da ya kai wata biyu.

Abu biyu muka lura suna hana mutanenmu tambaya. Na farko kunyar baƙunta: wai mu da muka zo daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ina mu ina neman kuɗi a kotun gari? Jama'a, dokar cewa ta yi "mutum", ba ta nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana a bambanta ɗan Najeriya saboda garin da ya fito. Wasunmu a Azare aka yanke masu cibiya, muna biyan kuɗin rumfa kamar kowa.

Na biyu ya fi nauyi, tsoron kada a ce an sayi shaidarka. Tsoro ne mai kyau, amma malaman Malikiyya sun daɗe da rarrabe abin. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ya ci riba da shaidarsa ya ɓata ta, sai dai an yarda a ba shi abin hawa idan tafiyar ta yi masa wuya, idan kuma nisan ya kai na ƙasaru har guzuri ana ba shi. Wanda aka taso daga Gamawa ko garin Katagum zuwa Azare, balle wanda aka ce ya je Bauchi, tafiyar wajen kilomita 200, kuɗin motarsa ba cin hanci ba ne, musamman idan ta hannun kotu ya fito.

Inda muke da ƙorafi shi ne, "abin da ya kashe" bai zama lallai ya haɗa da cinikin da ya rasa ba. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na tafiya ko yana kotu, amma mai kayan miya da ɗan acaɓa yinin da ya wuce ya wuce. Don haka kwamiti ya shirya takarda zuwa ga ɗan majalisar dokokin jiha mai wakiltarmu, muna roƙon a yanka adadi sananne na kowace rana, a liƙa shi da Hausa a ƙofar kowace kotu. Mu da muka koyi boko da furfura a ajin yaƙi da jahilci, mun san amfanin takardar da mutum zai karanta da kansa.

Takardar tana wurin ma'aji, mai son sa hannu ko dangwale ya tsaya bayan addu'a. Wanda kuma yake da sammaci a hannu yanzu, ya kawo mana ranar Asabar bayan la'asar mu karanta tare. Wassalamu alaikum.