Binciken da Ya Isa Gona: Darasi Daga Aikin Farfesa Ishiyaku a Kan Tsutsar Wake

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, shugabannin wannan ƙungiya, 'yan'uwana 'yan asalin Kaya mazauna birane, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi tsokaci a kan amfanin bincike ga manomi. Na zaɓi in ɗauki misali guda, wato wake, domin da wuya a sami gida a Kaya, ko Maradun, ko Bakura, ko Talatar Mafara, da ba ya ci ko ba ya nomawa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma kowa ya san yadda gona kan yi fure gwanin sha'awa, a zo girbi a tarar da kwanso ba ƙwaya. Babbar mai wannan ɓarna wata tsutsa ce da masana ke kira Maruka, wadda ke shiga cikin fure da ɗanyen kwanso ta cinye. A shekarar da ta yi tsanani takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin.

Shekara da shekaru makamin manomi ɗaya ne, feshi. Yakan fesa magani sau 6 zuwa 8 a damina guda, sau da yawa ba safar hannu, ba takunkumi. Kuɗi ya tafi, lafiya ta taɓu, ita kuwa tsutsar tana ɓoye inda maganin ba ya isa sosai.

A nan ne aikin Farfesa Muhammad Faguji Ishiyaku na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ya shigo. An kafa wannan cibiya a 1922, kuma tana da tashar bincike a Talatar Mafara, gefen aikin noman rani na Bakalori. Masana sun duba dubban nau'o'in wake, ba su sami mai jure wa tsutsar ba. Sai ayarin da Farfesan ya jagoranta, tare da masana daga Ostireliya, suka yi aiki da wata ƙwayar halitta da aka ɗauko daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke sa waken ya samar da sinadarin da ke kashe tsutsar in ta ci. An fara gwaji a killataccen fili a 2009. Hukuma ta amince a farkon 2019, a watan Disamba na shekarar aka fitar da irin da sunan SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Da shi, feshi ya sauko zuwa sau 2.

Ya kamata mu faɗi gaskiya dukanta. Irin ba ya maganin ƙwarin da ke tsotse ruwan kwanso, shi ya sa feshin nan biyu ya zama dole. Haka kuma akwai masu adawa da duk irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma haƙƙin manomi ne a yi masa bayani ya zaɓa da kansa.

Sannan akwai ƙwaron da ke huda wake bayan girbi. Tsoronsa ya sa wasu ke zuba fiya-fiya a buhu, abin da mu mazauna birni muke saye mu ci. Ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Alhali akwai mafita: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu ciki, buhu waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, Dokta Ibrahim Baoua na Maraɗi kuma ya yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa. In aka ɗaure shi da kyau, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba.

'Yan'uwa, darajar bincike tana ga abin da ya shiga rumbu. Masana sun yi nasu, saura namu. Rashin tsaro ya hana mutanenmu da yawa zuwa gonaki masu nisa, don haka ɗan abin da aka noma bai kamata tsutsa ko ƙwaro su raba mu da shi ba.

Ina ba da shawara uku. Na farko, ƙungiya ta gayyato malaman gona kafin faɗuwar damina, su koyar da yadda ake feshi da kariya, su yi bayanin sabon iri da inda ake samun na gaskiya. Na biyu, duk mai aika kuɗi gida lokacin kaka ya haɗa da buhunan ajiya. Na uku, mu ɗauki nauyin 'ya'yanmu masu sha'awar ilmin aikin gona, tun daga kwalejin Bakura har jami'a. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya.