MARI BA MAGANI BA NE

Jawabin kwamitin lahiya a taron ƙungiya

Maigari, malamai, iyayenmu maza da mata, samari da ƴan mata, mun gode da kunka amsa kira. Yau za mu yi magana bisa ciwon da kowa ke ɓoyewa cikin ƙuryar ɗaki, watau taɓin hankali.

Akwai wani irinshi da likitoci ke kira sikizofireniya. A shekarar 2022 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 24 ke da shi, kamar guda cikin 300. Galibi yakan kama mutum tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30. Mai ciwon yakan ji muryoyi alhali babu kowa. Yakan sakankance an sa mishi dahi cikin hura, ko kuwa rediyo da shi take magana. Sai ya bar gona, ya bar wanka, ya ƙi barci.

Jama'a, ba ƙarya yake ba, abin da yake ji ke nan. Gardama ba ta hidda mishi shi, bugu kuwa ƙara mishi tsoro yake. Ku yi mishi magana a hankali, mutum guda guda, ku ce: "Mun ga kana cikin tsoro, ga mu tare da kai."

Ba kowane ruɗewa ba ne wanga ciwo. Wanda ya ruɗe dare ɗaya da zahin jiki, a kai shi likita nan take, don yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma hirgita, irin ta ƴan uwanmu da sunka gudo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato a 2019 saboda ƴan bindiga: mugun mafarki, zabura, gudun mutane. Wannan ma tana da magani.

Maganin sikizofireniya ba sabo ba ne. Tun 1952 likitocin Faransa sunka fara aiki da ƙwayar da anka sani da Largactil. Akwai Haldol, akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya a wata. A babbar likitar Yamai akwai sashen masu wanga ciwo, amma ku fara da majo na nan kusa, shi zai ba ku takardar tahiya.

Ga inda ake tuntuɓe. In mutum ya samu sauƙi, sai dangi su ce ya warke, a bar magani. Bayan ƴan watanni ciwon ya komo, a koma ga mari. Kada a tsaida magani sai da izinin likita. In ya kawo sanƙarewar wuya, kyarma ko dalalar miyau, ku koma wurin likita, zai gyara. Addu'a kuwa a ci gaba da ita, ba ta hana shan magani. Samari, ku sani wiwi na tada wanga ciwo.

A 1954, a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, likita Lambo ya saukar da majinyata cikin gidajen mutanen gari, kowa da ɗan uwanshi, suna shan magani suna zama da jama'a. Abin ya yi kyau har duniya ta yi koyi. Mu ma ƙauye gare mu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muna roƙon taro ya yarda da abu ukku. Na ɗaya, asusun ƙungiya ya riƙa taimakawa da kuɗin mota da na magani. Na biyu, kowane majinyaci ya samu mutum guda mai tuna mishi ranar allura. Na ukku, a hana yara jifa da tsokana, kuma wanda ya samu sauƙi a kira shi gayya, a ci tuwo da shi akushi ɗaya.

Wanda ke da ɗaurarre a gida ya same mu bayan taro, asirinshi a ruhe. Allah shi ba mu lahiya da zama lahiya. Amin.